Yadda ake zaɓen hedset mai kashe ƙara don ƙaramin jirgin da aka ƙera a gida

Mai ƙera ƙaramin jirgin sama da hannunsa, hankalinsa kullum yana kan inji, fukafukai da farfela. Kunne ne abu na ƙarshe da yake tunawa, sai ranar da aka ja jirgin zuwa fako a bayan gari aka tayar da inji, ya zauna a kujera na ɗan lokaci, ya sauko ana yi masa magana yana ganin baki na motsi kawai. Wannan aikin ba baƙo ba ne a Arewa. Jirgin Air Beetle da sojan saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi, kuma asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's, irin wanda mutane ke haɗawa a garejin gidajensu a Amurka. A 2007 ma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic. Yanzu kuwa daga Kazaure zuwa Haɗeja ba a rasa matashin da ke fama da walda da alminiyam a zaure yana burin tashi sama. Don irin waɗannan 'yan'uwa na rubuta wannan bayani.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, jirginka ne zai zaɓa maka hedset, wato abin rufe kunne mai makirfo da matuƙi ke ji da magana ta rediyo da shi. Tsadarsa ko sunan kamfaninsa suna zuwa daga baya. Hedset ɗin da ya yi wa matuƙin jirgin fasinja daidai yana iya zama asara a jirgi marar murfi mai injin babur a bayan ƙeya.

Da farko, auna ƙarar

Kafin ka kashe ko sisi, ɗaure jirgin da igiya mai ƙarfi a jikin turke ko bishiya, sa duwatsu a gaban tayoyi, ka kori yara nesa da farfela, sannan ka zauna a kujera da abin toshe kunne na soso. Sauke manhajar auna ƙara a waya. Akwai ta NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, kyauta ga masu iPhone, kuma sauran wayoyi ma suna da nasu, duk da cewa ba su kai ta daidaito ba. Riƙe wayar dab da kunnenka ka rubuta abin da ta nuna a wuri uku: inji na silo, inji a gudun da za ka yi tafiya da shi a sama, da kuma an taka shi gaba ɗaya kamar za a tashi.

Ga abin da lambobin suke nufi. A ma'aunin NIOSH, ƙarar desibel 85 ita ce iyakar abin da kunne zai ɗauka na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Ƙananan jirage masu injin fistan sukan kai tsakanin 85 da 100 a mazaunin matuƙi, wanda aka ƙera a gida kuma yakan fi haka, domin bangonsa falle ɗaya ne na alminiyam ko yadi, babu abin tare sauti, salansa kuma gajera ce don gudun nauyi. Illar ba a ganinta rana ɗaya. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su s da f da sh, shi ya sa tsohon mai injin niƙa a kasuwar ƙauye zai ce maka yana jin muryarka sarai amma bai gane abin da ka ce ba. Matuƙin da ya kai wannan matsayi, maganar hasumiyar filin jirgi za ta riƙa kuɓuce masa, kuma gwajin ji yana cikin binciken likita na lasisin tuƙi.

Na biyu, gane irin ƙarar, domin a nan zaɓin yake

Hedset iri biyu ne. Akwai wanda toshewa kawai yake yi: kofuna masu kauri, soso a ciki, da baka mai matse su a kai. Ba ya buƙatar batir. Misalinsa sananne shi ne koren nan na kamfanin David Clark, H10-13.4, wanda a takarda yake rage desibel 23. Wannan lamba ta ɗakin gwaji ce, a kan mutum na gaske yakan gaza haka. Irin wannan ya ƙware wajen tare siririn sauti, kamar shewar iska da kukan ƙarfe, amma rugugi mai kauri yana ratsa shi ya shige.

Na biyu shi ne wanda za ka ga an rubuta ANR a kwalinsa. A cikin kowane kofi akwai ɗan mitsitsin makirfo da ke sauraron ƙarar da ta shigo, sai lantarkinsa ya haɗa kishiyar wannan ƙara ya sake ta ta lasifika a daidai lokacin. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙyaure, wannan daga ciki wancan daga waje, sai ƙyauren ya tsaya bai motsa ba. Dabarar tana ci ne in sautin mai kauri ne kuma yana maimaita kansa ba canji, domin lantarkin na samun sararin cim masa. To haka ƙarar farfela take. Farfela mai kunne biyu da ke juyawa sau 2,400 a minti tana dukan iska sau 80 a kowace daƙiƙa. Injin Rotax 912 ULS, wanda ƙananan jiragen gida da yawa ke amfani da shi, in yana juyi 5,500 a minti giyarsa na rage juyin farfela zuwa wajen 2,260, da kunne uku kuwa duka ya kai sau 113 a daƙiƙa. Wannan rugugi ne ke kashe jiki a doguwar tafiya, ka sauka kai na sara kamar ka wuni a gona, kuma shi ne ANR ke cinyewa. Ba mamaki da aka gwada fasahar a irin wannan jirgi: a Disambar 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager sun sa samfurin gwaji na kamfanin Bose lokacin da suka zagaye duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba sauka ba shan mai, sai a 1989 kamfanin ya fara sayar wa matuƙa.

Saboda haka, in jirginka yana da murfin gilashi da ke rufewa ruf, injinsa kuma mai zagaye huɗu ne irin na mota ko Rotax 912, hedset mai ANR shi ne naka, kuma ya cancanci kuɗinsa.

In kuwa jirgin buɗaɗɗe ne, kanka a cikin iska, ko injin mai zagaye biyu ne mai kuka siriri kamar Rotax 582 da ke kaiwa juyi 6,500 a minti, labari ya canza. Iskar farfela tana dukan kofunan ba tsari, lantarkin ya ruɗe, sai ka ji yana bugawa dum-dum a kunne, wanda ya fi rashinsa muni. Nan abin da ake so shi ne hular kwano ta masu ƙananan jirage marasa murfi, mai kofunan toshewa masu kauri a haɗe da ita, irin waɗanda Flycom da Lynx na Ingila ke yi, da makirfo mai rigar soso an kuma lulluɓe ta da fata mai ƴar huda. In ƙarar ta yi tsanani, ka ƙara abin toshe kunne na soso a ciki sannan ka ɗaga muryar rediyo. Mutane da yawa sun raina wannan haɗi don ba shi da ƙyalli, alhali a buɗaɗɗen jirgi shi ya fi kare kunne.

Wani abu da ya kamata in faɗa a nan: hedfon na jin kiɗa, ko da mai kashe ƙara ne na Sony ko Bose, ba a yi shi don wannan aiki ba. Akwai masu maƙala masa makirfo su shiga jirage masu shiru da shi, amma kofunansa ba su da kaurin da jirgin gida ke buƙata. Haka ma Bose ProFlight, don matuƙan manyan jirage aka yi shi.

Na uku, gwada shi a kanka, a cikin kujerarka

Duk kyan lantarki, in matashin kofin bai manne da fata ko'ina ba, ƙara za ta samu hanya. Ƙafar tabarau mai kauri kaɗai ta isa ta buɗe kafar da za ta ɓata komai. Nemi tabarau mai siririyar ƙafa ta waya, shimfiɗaɗɗiya. Hular zanna ko damanga a ajiye ta a ƙasa, domin bakinta yana shiga ƙarƙashin kofin, hana-salla kuma maɓallin tsakiyarta zai riƙa huda maka kai ƙarƙashin baka, sai an cire shi. Mai saje mai kauri ya lura da gaban kunne. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: sa hedset ɗin kusa da janareta ko injin ban ruwa yana aiki, ka danna kofunan biyu da tafin hannu. In ƙarar ta ragu sosai da dannawar, to bai zauna maka ba. Juya kai hagu da dama, ka kalli sama, ka buɗe baki kamar mai hamma, ka ji ko yana ɗagawa.

Sannan ka bar shi a kai na akalla awa guda. Minti biyar a shago ba ya nuna komai, matsewar da ke sa ciwon kai sai an jima take bayyana. Masu toshewa zalla sun fi matsewa, tunda matsewar ce ƙarfinsu. H10-13.4 ya kusa rabin kilo, Bose A20 mai ANR kuwa giram 340 ne.

Kada ka manta da tsayin murfi. Jiragen gida da yawa matsattsu ne, dogon mutum in ya ɗora baka mai kauri a ka sai ta riƙa gogar gilashi, jijjigar jirgin duka ta bi ta nan ta shiga ƙoƙon kai. Shiga ka rufe murfin, ka sa hannu tsakanin baka da gilashi, in yatsu biyu ba su shiga ba akwai matsala, domin in iska ta girgiza jirgin kai zai yi sama. Ga mai wannan matsala akwai irin wanda ake cusawa cikin kunne da kan soso, kamar Clarity Aloft, wanda bakarsa ke bi ta ƙeya. Ba ya cin batir, yana tare ƙara sosai, tabarau bai dame shi ba, kuma a bazarar Jigawa da zafi ke haura 40 babu kofin da zai tara maka gumi. Aibinsa kawai, soson yana datti sai an riƙa canzawa, sai ka sayo da yawa tun farko tunda ba za ka same shi a kasuwar Sabon Gari ba.

Na huɗu, kan waya da rediyo

Wannan yana da sauƙi amma a nan ake yawan yin asara. Na ƙananan jirage kai biyu gare shi: mai kauri, milimita 6.35, na ji, da ɗan siriri, wajen milimita 5.2, na makirfo. Na jirgi mai saukar ungulu kai ɗaya ne gajere mai suna U-174. Akwai kuma mai ƙafa shida da ake kira LEMO, wanda ke jan wuta daga jirgin kai tsaye. Tunda kai ke haɗa allon jirginka, ina ba da shawarar ka sa ramukan kai biyu ko da ka sa LEMO, don duk hedset ɗin da aka ara maka ya shiga. Yi hattara da hedset ɗin soja da ake samu a gwanjo da araha: makirfonsu wani iri ne daban, ba ya aiki da rediyon farar hula sai da na'urar daidaitawa. In ka jona ka ji sauti a kunne ɗaya kawai, kada ka ce ya lalace, duba ɗan makunnin mono da sitiriyo a akwatin batir.

Masu jiragen gida da yawa oba-oba ta hannu suke amfani da ita, kamar Icom IC-A25 ko Yaesu FTA-550, waɗanda ke aiki a zangon jiragen sama daga 118 zuwa kusan 137 megahaz. Tana buƙatar wayar haɗi ta musamman da maɓallin magana da za ka ɗaure a sandar tuƙi. In ka bar ƴar eriyarta ta roba dab da kanka, duk sanda ka danna za ta iya watsa wa lantarkin ANR ƙara ya yi ta tsuwwa. Maganinsa eriya a waje, a jikin jirgi. Rediyon sai da izinin hukuma, jirgin kansa ma sai da izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, kuma sararin da ke kewaye da filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dutse ba a shigarsa sai da magana da hasumiya, don haka makirfo mai fitar da murya tangaran wajibi ne.

Na biyar, kashe shi ka saurara

A ganina wannan ne gwajin da ya fi muhimmanci ga mutumin da ke ƙauye. Inji na aiki, ka kashe lantarkin hedset ɗin da gangan. Abin da ka ji a lokacin shi ne abin da za ka zauna da shi ranar da batir ya mutu kana sama. Rediyo zai ci gaba da aiki, amma wasu masu ANR an rage musu kaurin kofi don su yi sauƙi a kai, da zarar wuta ta ɗauke sai ƙara ta afko. Wasu kuma, kamar David Clark H10-13X da aka gina a kan kofin toshewa na asali, ko ba wuta suna da sauran kariya mai kyau. Mu da ke nesa da masu gyara da kayan gyara, wanda ke kare kunne ko an kashe shi ya fi mana. Bose A20 da A30 suna kai awa 45 da batir biyu ƙanana masu girman AA, Lightspeed Zulu 3 wajen awa 40, amma da batir mai kyau na alkalin ake wannan lissafi. Batir mai arahar nan na tocila ba ya daɗewa, kuma yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen akwatin. Sa sababbi biyu a aljihun da hannu zai kai ba sai ka kwance bel ba.

Maganar kuɗi

Bose A30, wanda ya fito a 2023, ya haura dala 1,200. Zulu 3 yana ƙasa da shi, kuma garantinsa shekara 7 ne, na Bose da David Clark shekara 5. H10-13.4 bai kai dala 500 ba. In aljihu bai kai ba, tsohon David Clark na hannu da aka sa wa sabon matashin kunne da sabon soson makirfo ya fi sabon mai ANR marar suna da aka gani a intanet da rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Daga baya ma akwai kamfanin Headsets Inc. da ke sayar da kayan ANR da ake dasawa cikin tsofaffin kofunan, kuma wanda ya iya haɗa jirgi ba zai gaza liƙa waya da dalma ba. In na hannu za ka saya, lanƙwasa wayar a hankali daga kai har gindi kana saurare, duk inda ta yi ƙaraf-ƙaraf to ta karye a ciki. Buɗe akwatin batir ka duba farin gishiri a jikin ƙarfe. Hanya mafi aminci ita ce ta hannun matuƙa ko ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, su sun san na gaske da jabu, wani ma zai ara maka nasa ka gwada a jirginka kafin ka yi oda. Garanti kuma ka tuna cewa aika kaya Amurka gyara da dawo da shi kai ne za ka biya.

Bayan ya iso hannu

Kada ranar farko ta zama a sama. Ɗaure jirgin kamar yadda ka yi a farko. Kawo makirfo dab da leɓe, yadda in ka turo baki zai taɓa shi, fuskar da aka yi wa alama tana kallon bakinka, domin an yi shi ne ya ƙi duk sautin da ya zo daga nesa, in ya yi nisan yatsa biyu muryarka ma ƙinta zai yi. Sa wani ya tsaya nesa da wata oba-oba ya gaya maka yadda yake jinka a silo da kuma inji a take.

In ka ji tas-tas-tas da ke ƙara sauri tare da inji, wutar fulogi ce ke shigowa, sai a sa fulogi ko hular fulogi mai rezisto. In kuka ne siriri mai hawa da sauka, daga na'urar cajin batir yake. Sau da yawa laifin na ramukan da ka ɗaura ne kai tsaye a allon ƙarfe. A raba su da allon da washa ta roba, a yi amfani da waya mai rigar ƙarfe, a mayar da duk wayoyin sauti wuri guda a jikin rediyo ko intakom, wato na'urar da na cikin jirgi ke magana da juna ta ita, kuma kada a ɗaure su tare da wayoyin fulogi. Mutane sun sha mayar da hedset mai kyau suna cewa ya lalace alhali wayarin jirgin ne.

Sai ka gwada duk wata ƙararrawar gargaɗi da ke jirgin, musamman wadda ke kuka in gudu ya ragu har fukafukai sun kusa sakin iska. A 2007 FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ta ja hankalin matuƙa cewa irin waɗannan hedset suna iya danne wasu sautukan gargaɗi. In ba ka jinta sosai, jona ta cikin intakom ta riƙa shigowa kunne kai tsaye. Ka kuma ɗauki lokaci kana sauraron injinka da ANR a kunne har kunnenka ya saba da sabuwar muryarsa, tunda rugugin ya kau sautin bawul da na giya za su fito fili, kuma sai ka san lafiyayyen sauti kafin ka gane marar lafiya. Ciwon kai a sama kuma kada a ɗora wa ƙara kullum, hayaƙin salansa marar wari yana iya shigowa ta tsaga. Lightspeed Delta Zulu na 2022 yana da na'urar shinshino shi a jikinsa, amma ƙaramar na'ura mai araha da aka manna a allo ita ma ta wadatar.

Ajiya ita ce ta rage. Kada a bar shi a cikin jirgi a rana ƙarƙashin gilashi, zafin yana busar da matashin kunne ya tsattsage, ya kuma sa batir zuba. A goge gumi da tsumma mai ɗan danshi bayan kowace sauka, a cire batir in za a jima ba a tashi ba. Da hunturu ƙura tana toshe ƴan hudojin makirfo na jikin kofi, sai a share su da busasshen buroshi mai laushi, a mayar da shi jakarsa a zuge. Jakar kuma a rataye ta a ƙusa can sama, nesa da buhunan hatsi, domin ɓera yana son robar waya da soso. Da zarar matashin ya daskare ko ya fara ɓarewa a canza shi, duka biyun tare.